Yadda ake kai iyali bakin teku a Kwatano daga Maradi

Mu ƴan Maradi sanin fatauci muka yi wa Kwatano. Mutum zai shekara goma yana zuwa, ya san ƙofofin tashar jiragen ruwa, ya san wuraren sayar da motoci na Sekanji, ya san mai shayin da ya fi iya haɗi a Zango, amma ka tambaye shi inda zai shimfiɗa tabarma da iyalinsa a bakin teku, sai ya yi tsuru-tsuru. Ni ma haka nake, sai da yara suka ishe ni da "Baba, yaushe za mu je mu ga teku?" Zuwan farko na yi kurakurai da yawa, a na biyu na gyara. Babban abin da na koyo shi ne, ba ruwan ake dubawa wajen zaɓen wuri ba, abin da ke bayan yashin ake dubawa: inuwa, bayan gida, ruwan famfo, wurin sallah, da inda yaro zai yi wasa da ruwa ba tare da ya shiga tekun ba. Tekun Kwatano na kallo ne. Wanda ya riƙe wannan, sauran duk shiri ne kawai.

Fara da zaɓen lokaci

Dogon hutun lakwal namu yana faɗowa ne daga Yuli zuwa Satumba, kuma a nan ne kowa ke tunanin tafiya. Sai dai kudancin Benin ba damina ɗaya gare shi ba kamar mu. Babbar damina daga Afrilu take zuwa Yuli, watan Yuni ne ruwan ya fi yawa, unguwanni su cika da ruwa. A Agusta ruwan sama yakan tsagaita, gari ya yi sanyi, amma a watannin dogon hutun nan ne teku ya fi hauka. Ƙaramar damina tana biyowa wajen Oktoba, sannan rani ya shigo daga Disamba zuwa Maris. Saboda haka hutun ƙarshen Disamba shi ya fi dacewa, ko na ƙarshen Maris ga wanda ba ya gudun zufa. Idan Agusta ce kaɗai damarka, a je, amma a ƙara nisa da ruwa.

Ka kauce wa ranar Kirsimeti da ranar 1 ga Janairu. Duk garin ke kwararowa bakin teku, ga kiɗa ga shaye-shaye, yaro ya ɓace maka cikin ƙiftawar ido. Yammacin Asabar da Lahadi ma kusan haka suke. Safiyar Talata ko Laraba kuwa kamar gonarka. A Wida kuma, garin da ke bakin teku yamma da Kwatano, ana babban bikin masu addinin gargajiya na Bodun wajen 10 ga Janairu, masauki ya yi wuya, hanya ta cushe, mai iyali ya bari sai an watse.

Takardu, tun kana gida

Kowane babba ya riƙe katin ɗan ƙasa da bai mutu ba, ko fasfo. Kowane yaro da takardar haihuwarsa, ta asali da kwafi. Idan akwai yaron da ba naka ba, ɗan ƙanenka ko ɗan maƙwabci da aka ce "ku tafi da shi ya ga duniya", sai an yi masa takardar izinin iyaye mai tambarin hukuma. Jami'an Benin ba sa wasa da maganar safarar yara, kuma "ai ɗana ne, ɗan ƙanena ne" ba ta wucewa a shinge.

Sai katin rigakafin shawara, katin nan mai ruwan ɗorawa. Allurar tana fara aiki kwana 10 bayan an yi ta, don haka ba ranar jajibirin tafiya ake zuwa likita ba. Ana yi wa yaro daga wata 9, kuma tun 2016 ƙa'idar duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Duk takardun nan a ɗauke su hoto a waya, na asalin a sa su cikin jakar roba mai zif, don akwai ruwa a gaba.

Kuɗi ba matsala, sefa ɗaya muke kashewa da su. Abu biyu dai: ka tanadi canji, ƴan ɗari-ɗari da jikka-jikka, domin mai kwakwa ba ta da canjin jikka goma. Kuma ka bar lissafin dala irin namu, na sefa biyar-biyar, a Zango. In ka fita daga cikin Hausawa, a yi ciniki da lambar Faransanci, ko a rubuta a waya kowa ya gani.

Hanya

Daga Maradi zuwa Kwatano ta Gaya kusan kilomita 1,400 ne: Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, sannan a karya kudu zuwa Gaya. A hayin kogin Kwara Malanbil ce, daga nan Kandi, Paraku, Sabe, Dasa, Bohikon, Alada, Kalabi, Kwatano. Tsakanin Malanbil da Kwatano kaɗai ya haura kilomita 700.

Tun juyin mulkin Yuli 2023 gadar Gaya ta daina zama yadda muka saba. Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, namu ya ci gaba da zama a rufe, fasinja suka koma tsallake kogi a kwale-kwale: kar ta sauke ka Gaya, wata ta ɗauke ka Malanbil. Al'amarin iyaka kuwa yau fari ne gobe baƙi, saboda haka kafin ka yanki tikiti je tasha da kanka ka nemi direba ko ɗan kasuwar da ya dawo cikin makon, ka ji daga bakinsa. Idan tsallaken jirgi ne, kada a yi shi da duhu, kada a shiga jirgin da aka laƙa wa buhuna har ruwa ya kusa bakinsa, kuma ka nemi rigar ruwa ga kowane yaro ko da za a yi maka kallon matsoraci. Yaro a tsakiyar jirgi yake zama, tsakanin manya biyu.

Tafiyar nan kada a haɗiye ta a zama ɗaya. Mu muna kwana Gaya ko Dosso, mu tsallaka da safe, mu sake kwana Paraku. Akwai matsalar tsaro a yankin iyakar da arewacin Benin, wannan ma dalili ne na tafiyar rana. Ta Najeriya ma ana zuwa, a fita ta Ɗan Isa da Jibiya har Legas a shiga ta Seme, amma shingaye sun yi yawa, ga canjin naira, ni ban ga dalilin wahalar da yara ta can ba.

Guzuri irin namu ya fi komai: kilishi, ƙuli-ƙuli, soyayyar gujiya, dabino, garin rogo da sukari. Fura kuwa kada ta wuce yinin farko.

Masauki

Wuri biyu ne zaɓi. Zango, inda kake jin Hausa ko'ina, ga babban masallaci, ga tuwo da miyar kuka, ga mai gida da zai yi maka jagora. Ko kuma unguwar Fijirose, wadda a allo za ka ga an rubuta Fidjrossè, inda ake samun gidajen haya na kwanaki masu ɗaki biyu da madafa, teku kuma tafiyar ƙafa ce. Da mata da yara na fi son na biyun, saboda uwargida ta dafa abin da yara suka saba, kuma in yaro ya jiƙe ya yi yashi, minti goma an kai shi gida. Kafin ka biya, buɗe famfo ka ga ruwa, kunna fanka, ka duba tagogi ko da raga. Zafin Kwatano bai kai namu na Afrilu ba, amma iskar jiƙaƙƙiya ce, zufa ba ta bushewa, sauro kuma ba shi da lokaci. Ka taho da gidan sauro daga Maradi.

Masu kabu-kabun can ana ce musu zemijan, ko zem a taƙaice, rigarsu ruwan ɗorawa mai lamba a baya. Doka ta wajabta hular kwano har ga wanda aka goya. Kai kaɗai ka hau zem, iyali kuwa a nemi mota, ko ta manhajar Gozem ko a yi jinga da direba ɗaya na yini, ya kai ku ya dawo ya ɗauke ku.

Wane bakin teku

A nan ya kamata a tsaya a yi bayani. Tashar jiragen ruwa ta raba gaɓar Kwatano biyu. Ruwa yana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas, ganuwar tashar kuma ta tare shi. Shi ya sa yamma da tasha yashi ya taru ya yi faɗi, gabas kuma, wajen Akpakpa, teku ya yi shekaru yana cin ƙasa da gidaje har sai da gwamnati ta jera dogayen ganuwoyin duwatsu cikin ruwa don tsayar da shi. Mai iyali yamma zai nufa. Duwatsun gabas suna da kyau a hoto, amma suna da santsi, kuma a gefensu ruwa ke ja da ƙarfi.

Na farko a yamma shi ne Fijirose, dab da filin jirgin sama. Yashi mai faɗi, itatuwan kwakwa, rumfunan ciyawa da kujeru, masu gasa kifi, masu kwakwa, a ƙarshen mako har da masu doki da ke ɗora yara a zagaya da su. Jirgi in zai tashi yara suna ganin cikinsa, autarmu ta fi murna da wannan fiye da tekun. Amfanin Fijirose kusanci: kantin magani, shaguna da masallatai duk suna bayanka. Aibinsa cunkoso da kiɗa.

Daga nan hanyar masunta ta miƙe, wadda direba zai gane in ka ce masa Rut de Pesh. Tana bin gaɓar teku kusan kilomita 40 har Wida, ta ratsa Togbin da Adunko da Ablekete. Iya nisan da ka yi, iya raguwar hayaniya. A kan wannan hanyar ne wuraren shaƙatawa masu shinge suke, inda ake biyan kuɗin shiga ko a wajabta maka sayen abinci. Su ne ke da bayan gida na gaske, wurin watsa ruwa, lilo da sulɓin yara, wasu har da tabkin wanka na gini, wato pisin. Gwamnati na ta aikin gyaran wannan gaɓa, ana rushe wasu rumfuna ana gina wasu, don haka wurin da abokinka ya yaba bara, ka tabbatar yana nan kafin ka kwashi yara.

Sirrin hanyar kuwa yana hannun dama in ka nufi Wida. Bayan ƴar siririyar ƙasar da ke fuskantar teku akwai tabki kwance, mai itatuwan da saiwarsu ke tsaye cikin ruwa. A Togbin akwai wani wuri da ake kira Bab's Dock, ana ajiye mota a shiga jirgi a ratsa ta cikin itatuwan nan kafin a isa. Ruwan tabki ba ya tashi ba ya faɗuwa da mutum, shi ya fi kama da tabkin Madarumfa da yaranmu suka sani. In yara sun dage sai sun jiƙa jiki, irin wannan wuri ko pisin za a kai su, babba na tsaye a kansu.

Wida kanta ta cancanci yini guda in yaran sun kai shekarun lakwal. Daga cikin gari zuwa gaɓa akwai hanyar kusan kilomita 4 da aka riƙa kora bayi a kai zuwa jiragen Turawa, a ƙarshenta ga babbar ƙofar tunawa da aka gina a 1995, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. Babban ɗana ya karanta labarin a aji, amma da ya tsaya a ƙofar yana kallon ruwan, bai sake magana ba sai a mota. Gaba kuma akwai Garan Popo, kusan kilomita 80 daga Kwatano, inda kogin Mono ke shiga teku. Wurin shiru ne, na kwana biyu, ana yawo a jirgi cikin kogi. Tekun can ma ba na wanka ba ne.

Da kun isa, kada kowa ya sauka tukuna

Bar iyali a mota, ka shiga kai kaɗai. Fara da bayan gida: buɗe ƙofar da hannunka, ka ga akwai ruwa, akwai sakata. Wurare da yawa takarda kawai suke ajiyewa, saboda haka butarka tana cikin kaya tun daga gida. Tambayi inda ake wanke jiki da ruwan daɗi. Tambayi kuɗin rumfa, na yini ne ko na awa, na kan mutum ne ko na rumfa, yara suna biya ko ba sa biya, kuma an yarda a shigo da abincin gida? A gama wannan magana kafin a zauna, domin in an riga an baje tabarma ciniki ya ƙare. Duba maƙwabtan rumfar: in teburin gefe cike yake da kwalabe tun hantsi, nemi can ƙarshe. Tambayi ko akwai mai ceto a bakin ruwa, ka ce a nuna maka shi. A yawancin gaɓar babu kowa, kai ne mai ceton iyalinka.

Sannan ka dubi yashi. Akwai layin da ruwa ya bari, inda tarkace da ɓawon katantanwa suka jeru, yashin ƙasa da shi jiƙaƙƙe, na sama busasshe. Teku yana cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kusan awa shida-shida. Inda yake busasshe da ƙarfe tara yana iya zama cikin ruwa da azahar. Ni na koyi wannan da tsada. Mun shimfiɗa tabarma kusa don Hajiya mahaifiyata ta ga ruwa da kyau, muna cikin cin kilishi sai igiya ɗaya ta zo ta wuce duk na gabanta, ta shiga ƙarƙashin tabarma, ta tafi da takalmi ƙafa uku da murfin kwano, wayar uwargida kuma ta sha gishiri ba ta sake tashi ba. Hajiya ta dube ni ta ce, "Kai da ka ce ka san garin." A shimfiɗa nesa da layin nan, sama sosai.

Dokar ruwa

Yaron Maradi ya san gulbi in ya kawo da damina, ya san tabki. A tabki, in ka tsaya ruwa iya gwiwa, iya gwiwa zai zauna. A nan ba haka ba ne. Gaɓar tana da gangara, igiya tana tashi ta fashe dab da yashi, ta buge ƙafa, in za ta koma kuma ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin tafin ƙafarka. Mutum sai ya ji kamar ƙasa ke gudu da shi, jiri ya ɗebe shi, ya zauna daɓas, ta biyu ta zo ta same shi a zaune. Taku biyu ko uku gaba kuma rami ne.

Saboda haka ga yadda muke yi. Tun a gida ake gaya wa yara, ba a bakin ruwa ba inda murna ta toshe musu kunne. Da an isa, na ja layi da ƙafa a kan yashi, babu mai tsallake shi sai hannunsa na cikin na babba. Ana zuwa taɓa ruwa ɗaya bayan ɗaya, babba ɗaya yaro ɗaya, a riƙe shi a wuyan hannu, ba a yatsu ba. Iyakar ruwa idon sawu. Ba a juya wa teku baya, ko don hoto, domin mafi yawan waɗanda igiya ke kayarwa suna kallon waya ne. Kuma a kowane lokaci akwai babba ɗaya da aikinsa kallon yara kawai, ba hira ba waya, in ya gaji ya kira sunan wanda zai karɓe shi. "Ai kowa na gani" ita ke sa ba wanda ke gani. Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, bakinsa na nutsewa yana fitowa, ba shi da numfashin kira.

Mata su sa wando a ƙarƙashin zane. Zane in ya jiƙe yana naɗe ƙafa, ruwa kuma na iya kwance shi, mace ta saki yaro ta kama zane. Dogon hijabi mai jan ƙasa yana shan ruwa ya yi nauyi, gara matsakaici in za a matsa kusa. Mai goyo ba ta zuwa bakin ruwa ko kaɗan.

Samari su ne abin tsoro, waɗanda suka iya iyo a Madarumfa suna ganin sun gama da ruwa. A nuna musu abin da masunta suka sani. Ruwan da igiyoyi ke turowa gaɓa dole ya koma, sai ya tattaru ya yanki hanya ɗaya ya fita da gudu kamar ƙorama. Wurin yakan yi duhu, ya yi kamar ya fi ko'ina kwanciya saboda igiya ba ta fashewa a nan, wani lokaci ka ga kumfa ko yashi na tafiya ciki. Inda ya fi kama da wurin wanka, nan ne tarkon. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu, in ƙarfin ya ragu ya yi iyo a gicciye, ta gefen gaɓa, sannan ya nufo tudu.

Na tudu kuma kada ya faɗa. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama, to wuyanka zai kama, a rasa mutum biyu. A yi kururuwa a kira masunta, a jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, bido marar komai mai murfi ya isa, wani kuma ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 118. In an fito da mutum ba ya numfashi, a kwantar da shi a hura masa iska baki da baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji, kada a ɓata lokaci wajen matsa ciki wai a fitar da ruwa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau yake, likita za a kai shi.

To me yara za su yi in ba wanka? Abin yi ya fi lokaci yawa. Ka sayo bokiti da ƙaramar tasa, ka haƙa rami sama da layi, manya su ɗebo ruwa su cika, ƙanana su yini a ciki. Ga ƙwallo, ga tsintar ɓawon katantanwa, ga bin ƴan ƙaguwa farare da ke shigewa rami kafin a kai hannu. In an yi sa'a da safe za a tarar da masunta suna jan taru: layi biyu na mutane, kowane da igiyarsa, suna waƙa suna ja awa da awanni har kifi ya fito yana walƙiya, mata na jira da manyan kwanoni. A tsaya gefe, kada a tsallake igiya, kuma a nemi izini kafin a ɗauki hoto. A nan ake sayen kifi mafi arha.

Rana tana dukan mutum ba ya ji saboda iska, yashin tsakar rana kuma yana ƙona tafin ƙafa. Hula, silifa, ruwan sha a kai a kai. In wani abu mai kama da leda ya harbi yaro a bakin ruwa, a wanke wurin da ruwan teku, ba na famfo ba, kada a murza. In ya kumbura ko numfashi ya canza, a tafi likita.

Ci da sallah

Kifi gasasshe shi ne abincin wurin, da soyayyar ayaba da suke kira aloko, ko akasa, wadda kafa ce irin tamu. Zaɓi kifin da idonka kafin a ɗora, idonsa garau, a ji kuɗinsa, a ce a rage yaji saboda yara, domin barkonon can ba na wasa ba ne. Nama kuwa a tambaya, ana cin alade a kudu. In ana son tsire a nemi masu cacanga, galibinsu mutanenmu ne, da sallama ɗaya za ka gane. Kwakwa ɗanya a sare ta a gabanka, a sha ruwan, a mayar wa mai ita ta fasa a kankare na cikin. Abarbar Alada mai tsawon nan, ko ɓawonta kore ne a saya, zaƙinta ya isa. Farin ruwan da ake zubawa a ƙananan kofuna ana ce masa sodabi, giya ce. Ganyen salak da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba a bar su. Don ko-ta-kwana a riƙe gishirin zawo na likita, in babu a haɗa: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisi ya zo cewa ruwansa mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne. A ɗebo a buta a koma tudu, kada a tsuguna a bakin igiya. Alƙibla ba ta da wuya: teku kudu yake, in ka fuskance shi gabas na hannun hagunka, sai ka juya hagu ka ƙara karkata kaɗan wajen tudu. Agogonsu ɗaya da namu, amma lokutan sallah sun ɗan bambanta, a bi kiran sallar garin. Maganar ƙasaru, a mazhabarmu wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya cika sallarsa.

Tashi

Da an yi la'asar a fara tattara kaya, kafin magariba kuna mota. Duhu na saurin rufewa, kuma bakin teku da dare wurin ƴan ƙwace ne. A ƙirga yara da suna, a kwashe shara, a wanke kowa da ruwan daɗi tun a wurin, musamman wuya da hammata da tsakanin cinyoyi, in ba haka ba gishiri da zufa su tayar da ƙuraje cikin dare. Yashin da ya shiga kitso sai an kwance, don haka ƴan mata su ɗaura kallabi tun da safe. Tufafi ba sa bushewa da wuri a can kamar Maradi, a wanke su a daren, a shanya ƙarƙashin fanka. Zif ɗin jaka da maƙullai a goge su da ɗan mai, gishiri na cinye ƙarfe.

Sai tsaraba. Tun kafin ku tashi daga gida maƙwabta za su yi ta aiko da saƙo a kawo musu ruwan teku. Kada a aiki yaro ɗebowa, kai za ka je da bokiti, ka jira igiya ta zo ta same ka, ka cika gorunan a tudu. A ɗaure bakin kowace da leda kafin a murɗa murfi, a sa su a buhu daban, nesa da atamfofin da uwargida ta sayo. Hajiya gora shida ta cika, biyar suka iso Maradi, ta shidan ta ƙare a cikin jakar kayana tsakanin Kandi da Malanbil.